Kawu, shekaru na tafiya ni ina wuri ɗaya

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Ni matashi ne daga Zango, shekarata 29, na gama lisans na yi serbis sibik (bautar ƙasa) na gama, na shiga konkur (jarrabawar ɗaukar ma'aikata) sau biyu ban samu ba, yanzu kabu-kabu nake da moton wani, kullum da yamma in kai masa kuɗinsa in riƙe saura. Abokaina wasu sun yi aure wasu sun bi ta Agadas sun tafi Libiya, ni kam in na kwanta sai tunani wlh, har kunya nake ji in ɗauko wanda muka yi aji ɗaya. In tafi ne ko in zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Wasiƙarka duk lissafin shekaru ne, naka da na abokanka, ban ga inda ka lissafa kuɗi ba, kuma nan matsalar take. Nawa ke rage maka bayan ka sha mai ka sallami mai moto? In jaka ɗaya za ka iya ajewa kullum, wata goma jaka 300 ke nan, ka shiga adashi da mutanen kirki don in kuɗin na aljihunka shayi da kati za su cinye shi. Ranar da moton ya zama naka, abin da kake kai wa wani kowace yamma ya dawo gidanku.

Maganar kunya kuwa, ka bar ni in yi dariya kaɗan. Wanda ka ɗauko daga Kasuwar Dole zuwa Birni ai shi ne ba shi da abin hawa, kai me ka yi na kunya? Mu nan Damagaram mun daɗe da ciwon jiran aikin biro. Lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 na san gidaje da yawa da suka ɗauka ɗansu ya gama samun aiki, to matata guda ai ba ta ɗauke gari, ga jami'a kuma kowace shekara tana yaye wasu.

Libiya ba zan ce maka kowa ya tafi ya wahala ba, amma masu turo hoto a Facebook su kake gani, waɗanda hamada ta ci ko aka tsare har sai gida sun sayar da gona ba sa turo komai. Ni ban ba ka shawarar tafiya ba.

Konkur kar ka daina, takardar ba ta ruɓewa. Ka nemi yara biyu ko uku masu shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kolej ka dinga koya musu bayan isha'i, kan naka ba zai yi tsatsa ba, ga ɗan kuɗi. Ka kuma zauna da mahaifinka ka gaya masa shirin, don kar maganar aure ta taso kafin moton. Bayan wata shida ka sake rubuto min nawa ka tara.