Tambayoyi da Amsoshi: Rikicin Zaɓen Shugabanni a Zaurukan Intanet

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan abu ɗaya: yadda ƙungiyoyin da ke haɗuwa a waya suke zaɓen shugabanninsu, da yadda zaɓen ke ƙarewa da gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu. Mun warwatsu, wasu ma ba sa ƙasar, shi ya sa a zauren WhatsApp muke komai. Mun yi zaɓen shugaba da 'yan takara huɗu, wanda ya ci kuwa da ƙyar ya samu kashi ɗaya cikin uku. Yanzu mutane na cewa akasari ba su so shi ba. Akwai manhajar da ta fi WhatsApp iya zaɓe? (Daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. WhatsApp bai yi muku kuskuren lissafi ba. Tun da aka saka masa ƙuri'ar jin ra'ayi a ƙarshen 2022, abin da aka danna shi yake ƙirgawa. Matsalar tana cikin dokarku: duk wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ci, ko da mutum biyu cikin uku ba sa son sa. Idan 'yan takara biyu ne, wannan doka lafiya lau. Da zarar sun kai uku ko huɗu, masu ra'ayi iri ɗaya sai su raba ƙuri'unsu, wani ya bi ta tsakiya ya wuce.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce zagaye na biyu, kamar yadda ake yi a zaɓen shugaban ƙasa a Ghana da Faransa, kuma haka Nijar ta yi a watan Fabrairun 2021. Idan babu wanda ya haura rabi, biyun farko su sake karawa. Aibinta kawai sai an tara mutane sau biyu, kuma ka san halin 'yan zaure, zagaye na biyu ba lallai rabinsu su leƙo ba.

Akwai wadda ke yin duka a zama ɗaya. Mai zaɓe ba mutum guda zai danna ba, jera su zai yi: wannan ne na ɗaya a wurina, wannan na biyu, wannan na uku. A ce mutum 100 suka yi zaɓe, A ya samu 34, B 28, C 22, D 16. Babu mai 51, don haka a cire D, a duba wa masu zaɓensa suka sa a na biyu. A ce 9 sun sa B, 5 sun sa C, 2 sun sa A. Yanzu B na da 37, A 36, C 27. A cire C, a sake raba ƙuri'unsa: 20 suka tafi wurin B, 7 wurin A. B ya tashi da 57, A da 43. Ka ga wanda da tsohuwar doka shi ne shugaba, ashe mafi yawan jama'a sun fi son waninsa. Ostireliya da haka take zaɓen 'yan majalisar wakilanta tun 1918, ba sabon abu ba ne.

Idan kujeru da yawa ake cikewa lokaci ɗaya, misali kwamitin mutum biyar, akwai ƙanwar wannan hanya da ake kira STV, wadda har rarar ƙuri'ar wanda ya riga ya ci takan mayar wa zaɓin mutum na gaba. Da ita shafin Stack Overflow, inda masu rubuta manhaja ke tambaya da amsa, ke zaɓen masu kula da shi, Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia ma ta koma mata a zaɓen kwamitin amintattu na 2021. Amfaninta shi ne ɓangare guda ba ya kwashe kujerun duka don kawai ya ɗara sauran da kaɗan. WhatsApp ba ya iya wannan lissafi, sai dai shafuka irin su OpaVote.

Masu haɗa manhajar Debian kuwa tun 2003 suke amfani da hanyar wani Bajamushe, Markus Schulze, inda ake gwada kowane ɗan takara da kowane, biyu-biyu, a nemi wanda ke doke kowa. Masana lissafi na yabonta. Amma ni ba zan ba ƙungiyar tsofaffin ɗalibai shawararta ba. Mutanen Debian injiniyoyi ne, kowannensu zai iya sake lissafin da kansa a kwamfutarsa. Ku kuwa, ranar da aka ce wane ya ci aka kasa bayyana wa wanda ya faɗi yadda aka yi cikin minti biyu, magana ɗaya za ka ji: an yi maguɗi.

Abin da nake ganin zai fi muku shi ne zaɓen amincewa. Kowa ya danna duk 'yan takarar da ya yarda su shugabance shi, ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya fi samun amincewa ya ci. Wannan WhatsApp na iya yi, domin akwai maɓallin da ke ba mutum damar zaɓen amsa fiye da ɗaya. Lokacin da Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin harshen kwamfuta na Python a Yulin 2018, da salo mai kama da wannan aka zaɓi majalisar mutum biyar ta farko da ta gaje shi a farkon 2019. Shi ma yana da rauninsa: masu wayo za su danna gwaninsu shi kaɗai don kada su taimaki abokin hamayya. Idan kowa ya yi haka, an koma gidan jiya. Duk da haka bai taɓa fin tsohuwar dokar muni ba.

Tambaya: Malam, mu mata ne 'yan kasuwa, muna da zaure. An yi zaɓen ma'aji, sai ga shi kowa na ganin wadda kowa ta zaɓa. Yanzu ƙawata ba ta amsa gaisuwata. Ba a iya ɓoyewa ne? (Daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, Allah Ya daidaita tsakaninku. A ƙuri'ar WhatsApp duk ɗan zaure zai iya buɗewa ya ga sunan kowa a ƙarƙashin abin da ya zaɓa. Ƙato bayan ƙato ke nan, irin wanda aka yi a Najeriya farkon shekarun 1990, sai dai a cikin waya. Yana da kyau ta fuska ɗaya, babu mai iya ƙara ƙuri'a a ɓoye tunda kowa na gani. Amma wadda ake bi bashi ba za ta iya ƙin mai bin ta ba a bainar jama'a. Ga kuma wani lahani da ba a cika lura da shi ba: ana ganin sakamako tun ana cikin zaɓe, sai masu zuwa daga baya su bi wadda suka ga tana gaba.

Telegram yana da ƙuri'ar da ba ta nuna suna. Idan matanku suna da shi, ku buɗe zaure na musamman don zaɓe, a saka masu haƙƙin zaɓe kaɗai. Fom ɗin Google kuma ki yi hattara da shi: idan wadda ta haɗa shi ta sa a karɓi adireshin imel, ita tana ganin komai. An ɓoye wa jama'a, ba a ɓoye mata ba.

A nan wahalar take. Duk lokacin da aka ɓoye ƙuri'a, dole a yarda da wani. Wikipedia ta Turanci ta daɗe tana zaɓen kwamitinta na sasanta rikici a fili, kowa ya sa hannu da sunansa, sai a 2009 ta koma zaɓen sirri da manhajar SecurePoll. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne masu tantance ƙuri'un daga wasu sassan Wikimedia ake ɗauko su, ba 'yan gida ba. Ku ma za ku iya roƙon wata dattijuwa ko malama da ba ta cikin ƙungiyar ta riƙe muku fom ɗin. Akwai kuma Helios, manhajar kyauta da Ben Adida ya fitar a 2008, wadda ke ba mai zaɓe wata lamba da zai duba ya tabbatar ƙuri'arsa ta shiga ba tare da an san me ya zaɓa ba. Jami'ar Louvain ta Beljiyam ta zaɓi shugabanta da ita a 2009. Sai dai tana buƙatar wanda ya iya kwamfuta sosai ya tsara ta.

Tambaya: Yallaɓai, ana saura kwana biyu zaɓe admin ɗinmu ya zuba sababbin lambobi a zaure. Wasu ma mutum ɗaya ne mai layi uku. Ta yaya za a hana? (Daga Kumasi)

Amsa: Ɗan'uwa, da a ce ni zan jera tambayoyin nan bisa muhimmanci, taka ce ta farko. Salon ƙirga duk iya kyansa ba ya gyara rajistar da aka cuɗa. Manhaja ba ta san mutum ba, lamba ta sani, ko asusu. Maɓallin fom ɗin Google mai cewa amsa ɗaya tak, asusun Google ɗaya yake nufi, kuma buɗe sabon asusu aikin 'yan mintuna ne. A 2009 matasan shafin 4chan sun nuna wa duniya haka, lokacin da suka yi wa zaɓen intanet na mujallar Time ruwan ƙuri'u har wanda ya kafa shafin nasu, Christopher Poole, ya zo na ɗaya a jerin masu faɗa a ji a duniya.

Maganin a takarda yake kafin ya zo waya. Ku sa ranar rufe rajista, wata biyu ko uku kafin zaɓe, wanda ya shigo bayan nan sai zaɓe na gaba. Ku sa sharaɗin da ke da wuyar ƙirƙira dare ɗaya, kamar biyan kuɗin wata na watanni shida. Wikipedia ta Turanci haka take yi da nata ma'aunin: kafin ka zaɓi kwamitinta na sasanta rikici sai asusunka ya daɗe da buɗewa kafin zaɓen, kuma ka yi gyara aƙalla 150 a maƙaloli. Sannan a fitar da sunayen masu zaɓe a zaure, kowane suna da lambar waya ɗaya, a ba da mako guda ga mai ƙorafi. Mai layi uku a nan za a gane shi, don 'yan'uwansa sun san shi.

Daga nan kwamitin zaɓe ya tura wa kowa lambar sirri tasa ta kansa, wadda zai rubuta a fom. Lambar da ta fito sau biyu, ko wadda ba ta cikin jerin, a soke ta. Mai riƙe jerin lambobi daban, mai riƙe fom daban, don kada mutum ɗaya ya iya haɗa suna da ƙuri'a. Kuma kada ku ce zaɓen awa uku ne. Wani ba caji, wani ba data, wani yana gona. Wikipedia mako biyu take bayarwa. Ku ko kwana uku ne ku bayar.

Tambaya: Mun yarda a gyara dokar zaɓenmu, amma kowane ɓangare na zargin ɗayan da son gyaran da zai amfane shi. Ta ina za mu fara? (Daga Garwa)

Amsa: Zarginsu yana da tushe, domin duk wanda ya san 'yan takara ya san salon da zai taimaki nasa. Don haka kada a taɓa doka bayan an buɗe takara. Dubi yadda masu ba da lambar yabo ta Hugo, ta marubuta ƙagaggun labaran kimiyya, suka yi. A 2015 wasu gungu suka haɗa baki suka tura jerin sunaye iri ɗaya, suka mamaye gurabe da yawa, har masu zaɓe suka gwammace a hana kowa lambar a rukuni biyar. Ran mutane ya ɓaci, amma dokar ƙungiyarsu ta ce gyara sai ya tsallake taron shekara biyu a jere. Aka amince da sabon salon a 2015, aka tabbatar da shi a 2016, aka fara aiki da shi a 2017. Debian kuma ba a taɓa kundin tsarinta sai masu so sun ninka masu ƙi sau uku.

Ku ba sai kun jira shekara biyu ba. Ya isa ku ce gyara na buƙatar kashi biyu cikin uku, kuma ba zai shafi zaɓen da ke tafe ba. Kafin a amince, a gwada sabon salon a kan abin da ba zai tada jijiyar wuya ba, kamar zaɓen ranar walima, don mutane su ga yadda ake ƙirgawa. A rubuta har da abin da za a yi idan aka yi kunnen doki, da mafi ƙarancin mutanen da za su kaɗa kafin zaɓe ya inganta.

Tambaya: An yi zaɓe, tsohon shugaba ya faɗi, amma ya ƙi sakin zauren. Za mu iya cire shi? (Daga Gusau)

Amsa: Idan shi ya buɗe zauren, a'a. A WhatsApp sauran admin ba sa iya cire wanda ya ƙirƙiri zaure, sai in shi ya fita da kansa. Ku lallashe shi, in ya ƙi ku buɗe sabo ku ƙaura. Telegram yana ba mai zaure damar miƙa wa wani mallakarsa, amma nan ma sai da yardar mai shi, kuma sai ya kunna tsaron mataki biyu na tsawon mako guda kafin nan. A Facebook duk wanda aka mayar admin zai iya cire sauran admin ban da wanda ya ƙirƙiri zauren, don haka a kula da wanda ake ba wa.

Sabon zauren da za ku buɗe, kada ku buɗe shi da layin kowane mutum. Ku sayi layi na ƙungiya, ku buɗe imel na ƙungiya, a ajiye su hannun amintattu biyu ko uku waɗanda ba sa takara. A rubuta a doka cewa cikin mako ɗaya da bayyana sakamako za a miƙa matsayin admin ga sababbin shugabanni, a kuma canza duk kalmomin sirri a ranar.