Kafin ka yi mata fomatin, cire dis ɗin da ka ƙara

Yarona, saƙonka ya same ni a mota, mun ɗan wuce Maraban Jos, shi ya sa ban ɗaga wayarka ba. Yanzu na sauka Kano, na yi sallah, na zauna na karanta a natse. Ka ce mutumin nan mai shagon buga takardu na Tudun Wada ya kawo kwamfutarsa ta tebur, HP ɗin nan 'yar tokumbo, haɗe da had-dis mai tera ɗaya da ya saya na hannu, ya ce a ƙara masa saboda nasa ya cika. Ka ɗaura, ka kunna, ta ƙi tashi. Sai ka ce: "Oga, in yi mata fomatin in zuba sabon Windows, tunda filas ɗin Windows yana aljihun tebur?"

A'a. Mayar da filas ɗin nan inda ka ɗauko shi. Na ji daɗi ƙwarai da ka tambaya kafin ka taɓa, Allah ya yi maka albarka. Cikin kwamfutar nan akwai furojet ɗin ɗaliban Poli da ake kan bugawa, akwai katunan biki, akwai takardun mutane na shekara da shekaru. Duk amana ce, kuma tun da aka ajiye ta a teburinmu, amanar ta hau wuyanmu.

Da ƙafarta ta shigo shagon nan. Da safe tana aiki, da rana ta ƙi, kuma abu ɗaya tak ya sauya a tsakani: dis ɗin da ka ƙara. To ta inda aka hau, ta nan ake sauka. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki, don hunturu muke, jiki na tara lantarki, irin wanda ke fisgar ka idan ka taɓa ƙofar mota. Sannan ka zare kebul biyu na sabon dis ɗin, na wuta da na SATA mai ɗaukar bayanai, ka bar tsohon shi kaɗai yadda yake tun asali. Kunna. In ta tashi, ka san Windows ɗin mutum lafiyarsa ƙalau, kuma ina da yaƙinin haka za ka gani.

Abin da ya ba ni wannan yaƙini yana cikin hoton da ka turo. Baƙin allo, rubutu fari a sama: BOOTMGR is missing. Ina so ka koyi karanta irin wannan rubutu, don rabin gyara yana cikinsa. Wannan magana ba daga madabod, babban faifan da komai ke jone a kansa, take fitowa ba. 'Yar ƙaramar manhaja ce da ke kwance a farkon wani ɓangare na dis, wadda Windows ke rubutawa, aikinta ta nemo fayil ɗin da ke tayar da Windows. In ta rasa shi sai ta yi wannan kuka. Ka ga kenan furosesa tana aiki, ram yana aiki, allo yana aiki, har kwamfutar ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar wani dis an amsa mata. Matsalar ita ce gidan da ta je. Dis na hannu daga cikin wata kwamfuta aka ciro shi, wanda ya sayar ya goge fayiloli amma bai share sassan da ke ciki ba, alamar "daga nan ake tashi" tana nan daram. Kwamfutar da ke hannunka ta gan shi a gaba, ta ɗauka shi ne maigida.

Yadda abin yake shi ne, idan ka danna maɓalli, Windows ba shi ke fara farkawa ba. BIOS ne, manhajar da ke zaune a kan madabod. Shi zai duba ram, ya ƙirga na'urorin da ke jone, sannan ya bi jerin da aka tsara masa: na fari wane, na biyu wane. Da dis ɗaya ne ba gardama. Yanzu sun zama biyu, kuma BIOS da yawa idan suka ga baƙo sai su sake jerin da kansu, ko su bi lambar ramin da aka soka kowanne.

Don haka ka haska tocila a madabod, gefen ramukan SATA. Za ka ga ƙananan rubutu: SATA0, SATA1, SATA2. A irin waɗannan HP na ofis, SATA0 shuɗi ne mai duhu, nan ne mazaunin dis ɗin da ke ɗauke da Windows. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da kake neman wurin da kebul zai kai, ba ka zare na tsohon ka mayar da shi wani rami ba? Yara da yawa na yin haka, su ba baƙo SATA0 saboda ya fi kusa da hannu. In haka ta faru, mayar da kowa wurinsa, tsoho a 0, sabo a 1.

Sai ka jona duka biyun, ka kunna kana ta danna F9 tun kafin tambarin HP ya ɓace. Jerin na'urori zai fito, ka zaɓi tsohon da hannunka. Za ka gane shi da suna da girma. Tun kafin ka rufe akwati ka rubuta abin da ke jikin takardar kowane dis, na Seagate ne ko WD ko Toshiba, giga nawa. In ta tashi ta nan, magana ta ƙare, saura ka dawwamar da shi: sake kunnawa, danna F10, shiga wurin jerin tashi, ɗaga tsohon sama, ka adana kafin ka fita. Ka lura, a wasu BIOS layi ɗaya ne kawai ake rubuta had-dis, sai ka shiga ƙarƙashinsa za ka tarar da biyun a jere. Nan mutane ke ɓata, su ce ai had-dis ne na farko, alhali wanne daga ciki? F9 da F10 ɗin nan na HP ne. Dell F2 da F12 ne, Lenovo F1 da F12, madabod na haɗi galibi Del. Haddace su.

In kwamfutar da UEFI, wato sabon tsarin BIOS, take tashi, ba da tsohon tsarin Legacy ba, abin da za ka ɗaga sama shi ne layin da aka rubuta Windows Boot Manager, ba sunan dis ɗin ba. Kuma kada ka sauya ta daga Legacy zuwa UEFI ko akasin haka da sunan gwaji. Windows ɗin da aka zuba a dis mai tsarin MBR da Legacy yake tashi, na GPT kuma da UEFI. Ka juya wannan, ka ƙara wa kanka ciwo na biyu a kan na fari. Haka ma wurin saitin SATA da aka rubuta AHCI ko IDE ko RAID: yadda ka same shi, bar shi. In aka sauya, Windows zai fara tashi sai ya faɗi da shuɗin allo yana cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Ɗabi'ar da nake so ka ɗauka, duk shafin BIOS da za ka taɓa, ɗauki hotonsa da waya tukuna.

Wani lokaci ba kai ka sauya ba. Dubi kwanan wata da agogo a cikin BIOS. In ka ga sun koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, ya mutu. Muddin kwamfuta na jone da bango ba a ganewa. Ranar da aka zare ta aka ɗora a Keke zuwa shago, duk saitin ya goge ya koma na kamfani. Tokumbo da yawa haka suke zuwa. Akwai sababbi a gwangwanin da ke saman kanta, sa masa ɗaya, ka faɗa masa kuɗinsa.

Yanzu a ce ka cire sabon amma har yanzu ta ƙi. To hannunka ya ture wani abu. Kebul na SATA ba shi da riƙo sosai, musamman marar ƙugiyar ƙarfe. Taɓawa kaɗan ya saki. Danna na tsohon ta kai biyu, wajen dis da wajen madabod, ko ka canza shi da wani. In kuwa allo bai kawo komai ba sai ƙara take yi ƙit-ƙit, ko fitilar gaba na ƙyaftawa ja, ram ka gusar. Cire shi, hure ƙurar ramin, mayar har ka ji ƙugiyoyin sun kama.

Akwai kuma inda laifin na baƙon ne kansa. In da shi a jone kwamfutar ta tsaya cik a tambarin HP, ko F10 ba ta amsawa, kara kunnenka a jikinsa. Lafiyayye za ka ji ya ɗauki juyi sumul. Mai ciwo zai riƙa ƙwas, ƙwas, yana tashi yana faɗuwa, BIOS na ta jiransa ya amsa. Irin wannan ba saiti ke gyara shi ba, a mayar wa wanda ya sayar tun bai ce ba daga wurinsa ba ne. Amma kafin ka yanke masa hukunci gwada shi a kwamfutarmu ta gwaji, don babban dis mai inci 3.5 yana jan wuta sosai a layin bolt 12 a daidai lokacin da zai fara juyi, kusan amfiya 2. Fawa-fak, wato mai raba wa kwamfuta wuta, na ƙananan akwatuna da ya sha wahalar janareta zai iya ɗaukar dis ɗaya ya gaza a na biyu. Alamarsa, fanka ta juya ta tsaya, ko kwamfutar ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Kuma ka guji waɗannan 'yan kebul masu arha da ke juya tsohon kan wuta mai ƙafa huɗu zuwa na SATA. Na ga wanda ya narke har ya ƙona bakin dis.

Wannan rikici ba sabo ba ne. Lokacin da nake yaron shago kamarka, dis na IDE ake yi, mai faffaɗan kebul kamar ɗamara da ƙafafu 40, dis biyu a kebul ɗaya. A bayan kowanne akwai ɗan jamfa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, da shi ake nuna wane ne babba wane ne mabiyi. In ka bar duka biyun a matsayin babba, sau da yawa ba wanda zai bayyana. SATA ya kawar da jamfa, amma tambayar tana nan: wa ke gaba? Sababbin madabod ma da tasu sigar. A wasunsu, in ka soka SSD, wato dis marar juyi, a raminsa na M.2, wani ramin SATA sai ya mutu don hanya ɗaya suke rabawa, dis ɗin da ke kai ya ɓace kamar ba a taɓa jona shi ba. Littafin madabod ɗin ke faɗa maka wanne ne.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa na ce a'a da sauri haka. Shekarun baya wata baiwar Allah ta kawo mini kwamfuta da matsala irin wannan sak. Ga layi, ga wuta ana shirin ɗaukewa, na zaɓi gajeriyar hanya. Na sa faifan Windows da dis biyu a jone, girmansu ɗaya, allon ya nuna mini Disk 0 da Disk 1, na share wanda na zaci fanko ne. Hotunan mahaifinta da ya rasu suna ciki. Kwana uku ina neman su da manhajar dawo da fayil, kaɗan na samo, wasu rabinsu toka-toka. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce Allah ya ƙaddara, ta tafi. Har yau in na tuna fuskarta sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar ban sake zuba Windows da dis fiye da ɗaya a jone ba, kai ma ba za ka yi a shagona ba. Ban da haɗarin share na mutane, manhajar zuba Windows kan ajiye ɗan sashen tashi a dis ɗaya, Windows ɗin kansa a ɗayan. Komai zai yi aiki, sai ranar da aka cire na biyun kwamfuta ta ƙi tashi, mai ita ya rasa dalili.

In ta tashi da duka biyun, aiki bai ƙare ba. Buɗe Disk Management ka ga baƙon. In Windows ya nemi ka yi masa fomatin, kada ka amsa tukuna. Leƙa cikinsa, kira mai shi ka tabbatar ba abin da yake so a ciki, sannan ka share duk tsofaffin sassan, har da ƙananan nan na mega 100 ko fiye da ke farkonsa, ka yi sashe ɗaya sabo na NTFS. Da haka alamar da ta ruɗi BIOS ta tafi, ko batiri ya sake mutuwa ba za ta koma can ba. Dubi lambar dis da girmansa sau biyu kafin ka danna. In kuma ka ga an rubuta Offline a gefensa, wataƙila kwafin tsohon ne aka taɓa yi a kai, shaidarsu ta zo ɗaya, Windows ya ajiye ɗaya gefe. Wannan ka kira ni mu yi tare.

In duk ka bi waɗannan, tsohon shi kaɗai a jone, BIOS na ganinsa amma ya ƙi tashi, a nan ne filas zai fito, kuma don gyara kawai: Repair your computer, sannan Startup Repair. Kada ka wuce nan sai na dawo. Umarnin bootrec da bcdboot ina so in nuna maka su ina tsaye a bayanka.

Ka kira mutumin ka gaya masa gaskiya, cewa ƙarin dis ɗin ya rikita jerin tashi, ba a taɓa fayilolinsa ba, ya zo gobe bayan azahar. In ka gwada F9 ɗin, turo mini hoton abin da ya fito, ina nan har bayan isha'i. Jibi in sha Allahu ina hanya, zan taho da kebul na SATA masu ƙugiya daga Titin Beirut. Ka kashe janareta kafin ka rufe shago.