Aikin taruka, kwanan tanti da ƙorafin abokai a hutu ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma a wannan dogon hutu na lokacin zafi na samu aikin wucin gadi da wani kamfani mai shirya taruka. Muna kafa rumfuna, mu jera kujeru, mu ɗaura lasifikoki, kuma sau da yawa ba ma tashi sai bayan ƙarfe biyu na dare. Ga shi abokaina na makarantar sakandare sun shirya mu fita daji mu yi kwana biyu a tanti, za a kama hanya da asuba washegarin wani babban taro, kuma ni ne zan tuƙa motar. Wasu abokan kuma suna ƙorafin cewa na yar da su. Ba na so in rasa ko ɗaya. Wace shawara za ka ba ni?

Daga wani ɗalibi

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗi da ka zaɓi neman na kanka maimakon zaman kashe wando, amma akwai abu ɗaya a cikin wasiƙarka da ya tayar mini da hankali, wato tuƙin asubar nan. Ina roƙonka kada ka yi shi. Wanda ya tashi daga aiki ƙarfe biyu, ya kwanta ƙarfe uku, ya riƙe sitiyari ƙarfe biyar, bai yi barcin da ya kai rabin abin da jikinsa yake buƙata ba, domin baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Idanunka za su iya rufewa na daƙiƙa 4 kacal ba tare da ka sani ba, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa za ta ci fiye da mita 110 a cikin wannan ɗan lokaci, babu mai sarrafa ta, ga abokanka a kujerar baya suna ta hira. Buɗe taga ko ƙure sautin rediyo ba ya maganin wannan. Ko dai wani wanda ya kwana a gida ya tuƙa, ko kuma a ɗage tafiyar zuwa bayan ka yi barci ka ƙoshi.

Shi kansa aikin yana da abubuwa biyu da matasa suke raina su, wato zafi da ƙara. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aikin ƙarfi a cikin rana, saboda haka makon farko ne ya fi haɗari. Kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Ka riƙa shan kofi ɗaya na ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, kuma idan ka ga fitsarinka ya yi duhu, ruwan jikinka ya ragu ke nan. Idan abokin aikinka ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi da ruwan sanyi, ku nemi likita nan take. Game da ƙara kuwa, masana sun ƙayyade cewa kunne zai iya jure ƙara mai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100, wanda ba baƙon abu ba ne a gaban manyan lasifikoki, minti 15 ne iyaka. Idan ka koma gida kana jin wani siririn kuka a kunnenka, gargaɗi ne. Ka nemi abin toshe kunne, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Idan kun isa daji, ku kafa tanti da sauran rana, a kan tudu, nesa da bakin rafi da busassun itatuwa. Babban kashedina shi ne kada ku shigar da garwashi, ko risho, ko janareta cikin tanti, ko da wutar ta yi kamar ta mutu, domin suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Idan hadari ya taso da tsawa, tanti ba mafaka ba ne. Ku shiga mota ku rufe tagogi, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ruwan rafi kuma sai an tafasa shi na aƙalla minti 1. Ku sanar da wani a gida inda kuka nufa da ranar dawowarku.

Saura masu ƙorafi. Gaskiya ne zumunci a ƙafa yake, amma a ganina abin da ya fi ɓata musu rai shi ne alkawarin da ake ɗauka a karya, ba rashin zuwan ba. Ka ɗauko jadawalin aikinka, ka fara ware ranar hutu ɗaya a kowane mako wadda ba ta kowa ba ce, sannan ka zaɓi yammaci ɗaya ka tara su wuri guda maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba zai samu zuwa ba, ka kira shi a waya, ka gaya masa ainihin ranar da aikin zai ƙare, ku tsayar da lokacin haɗuwa tun yanzu.