Tambayoyinku ga likita: sauya jinin ɗan tayi, haƙorin tangaran da rashin barci

Tambaya: Likita, an sa mini haƙorin tangaran, sai aka ce idan na shiga na'urar hoton MRI zai ja wuta. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malam. Tangaran ɗin da ake yin haƙori da shi wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, maganaɗisu ma ba ya jan sa. Sai dai wani haƙorin akan yi masa gindin ƙarfe, don haka ka faɗa wa mai ɗaukar hoton duk abin da aka taɓa dasa maka a jiki.

Tambaya: Ni da maigidana duk jininmu AS ne, kuma ina da cikin wata biyu. An kawo mini wani jiƙo, wai idan na sha zai mayar da jinin jaririn AA. In sha?

Amsa: Malama, don Allah kada ki sha. Idan ma kin fara, ki dakata yau, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan da ke miki awo.

Tun ranar da cikin ya shiga aka gama wannan rabo. Ɗan tayi yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, kuma wannan rubutu yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinsa. Babu jiƙo, babu allura, babu ƙwayar da za ki haɗiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta goge. Abin da jiƙon zai iya kuwa shi ne ɓarna, domin a makonnin farkon nan ne zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi suke haɗuwa. Abin da ke ba ni takaici, mai sayar da shi ya san lissafin: a kowane ciki na AS da AS, damar haifar mai sikila, wato SS, kashi ɗaya ce cikin huɗu. Kenan galibin yaran lafiya lau za su zo ko ba a sha komai ba, sai ya bugi ƙirji ya ce aikinsa ne. Wanda ya zo da SS kuma a ce uwar ce ba ta sha daidai ba. Ki kuma lura, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare na bayansa.

Abin da binciken kimiyya ya kai gare shi dubawa ne da zaɓe. Tun bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, aka samu hanyar duba ɗan tayi kafin a mayar da shi mahaifa, kuma a 1990 aka fara ba da rahoton samun ciki ta wannan hanya a Landan. Yanzu a kwana na 5 ko na 6 bayan haɗa ƙwan ake ɗebar 'yan ƙwayoyi daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a gwada, a dasa wanda ba SS ba. Aiki ne mai tsada, kuma ba kowane dashe yake kamawa ba. Shi kuwa taɓa gadon ɗan tayi kai tsaye, masanin da ya yi hakan a China a 2018, He Jiankui, ɗaurin shekara uku ya sha.

Ke da cikinki ya riga ya shiga, akwai gwajin mabiyiya da ake yi wajen mako na 11 zuwa 14. Ki tambayi likitanki. Ko ba a yi ba, a gwada jaririn da zarar an haife shi, domin fara kula da wuri yana rage haɗari ƙwarai. Idan kika ga jini ko mara ta murɗa, asibiti kai tsaye, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: Barci ya ƙaurace mini, ga yawan fargaba. Masanin halayyar ɗan Adam zan gani ko likitan ƙwaƙwalwa?

Amsa: Duk wanda ka fara samu. Na farkon an horar da shi kan gwaji da magani ta hanyar tattaunawa, kuma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta ƙwaya. Na biyun likita ne, yana rubutawa. Kada ka sayi maganin barci da kanka. Idan tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ka je asibiti yau ɗin nan, tare da wani naka.