Amsa: Ta ina ake fara shirya farautar jiyokashin mai dogon zango?

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana so ka shimfiɗa farauta mai zango goma sha biyu a tazarar kusan kilomita 200, kowane zango da ɗan gwangwaninsa mai ɗauke da lambobin GPS na zangon gaba. Na daɗe a jiyokashin, wato wasan ɓoye akwati a bar mutane su nemo shi da lambobin GPS, ina ɓoyewa ina kuma nema, don haka bari in sa baki.

Ajiye taswira tukuna. Idan gwangwani na bakwai ya ɓace, yaya za a yi da mutumin da ya ƙona mai tun asuba har ya iso wurin? A tsarin da ka kawo, farautarsa ta mutu ke nan. Kuma sai ya ɓace: ko ruwa ya tafi da shi, ko masu gyaran hanya su kwashe, ko wani yaro ya tsince shi. Kai ne kuma za ka taso ka gyara, domin a dokar shafin wasan, Geocaching.com, kula da akwati yana wuyan mai shi. Idan wuri ya yi nisa da gidanka, mai tantancewa, wato wanda ke duba bayanan akwati kafin a wallafa shi, zai tambaye ka wa zai riƙa leƙa shi.

Shi ya sa nake ba da shawarar yawancin zangunan su zama na karatu, ba na ajiya ba. Mai nema ya isa wuri, ya karanta abin da ke nan tun asali: shekarar da aka sassaƙa a jikin gada, lamba a allon tarihi, yawan ginshiƙan wani tsohon gini. Da wannan zai cike gurbin lambobinsa. Akwai ƙarin riba. Dokar da ta ce a bar aƙalla mita 161 tsakanin abin da ka ajiye da akwatin wani ba ta shafi zangon da ba a ajiye komai a cikinsa ba, don haka ba za a dawo maka da takarda a ce ka shiga gonar wani ba.

Amma a zaɓi abin karantawa da hankali. Sassaƙe a dutse ya fi fenti, fenti ya fi kwali. Ka guji ƙirge mai jawo gardama. In ka ce a ƙirga matakala, wani zai haɗa da ta ƙarshe a sama, wani ba zai haɗa ba, kuma kowa yana da gaskiya. Kuskuren lamba ɗaya ba wasa ba ne: a layin arewa da kudu, 0.001 na minti (mintin lambobin GPS, ba na agogo ba) kusan mita biyu ne, 0.1 ya kai mita 185, minti guda cur ya kusa kilomita biyu. Saboda haka ka ba su ma'auni a shafin farautar, misali ka ce idan an tara lambobin duka za su ba da 34. Kafin mutum ya tayar da mota ya san ko lissafinsa ya yi.

Abin da ya fi haka ma, ka bayyana wuraren zangunan duka a fili, kowanne ya ba da lamba ɗaya ta akwatin ƙarshe. Ko an rushe allo guda, da ma'aunin nan za a iya gano lambar da ta ɓata.

Ga wata magana da masu ɓoyewa ba sa son ji. Farauta mai zango-zango, komai tsawonta, samu ɗaya ake lissafa ta, kuma masu nema da yawa suna duba wannan. A tazara irin taka, ni da zan yi jerin akwatuna masu cin gashin kansu, kowanne da littafin sa hannunsa da lamba a cikin murfi, sannan akwatin tukuici a ƙarshe ga wanda ya tara lambobin. Mutum zai iya yin uku yau, huɗu wata mai zuwa. Wahalar kulawa ta dawo, gaskiya ne, amma ɓatan ɗaya ba ya hana a ji daɗin saura. Ka dai tuna shi na tukuicin a sahun akwatin wasa ƙwaƙwalwa yake, wato wanda ba a bayyana ainihin wurinsa a shafi, amma lambobin da za ka sa a shafinsa kada su wuce kilomita 3.2 daga ainihin inda yake.

Batun awo, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada ka ɗauki lamba daga hoton tauraron ɗan'adam. Tun watan Mayu na 2000 da Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan awo ya gyaru, amma waya takan kauce da kusan mita biyar ko a fili, balle a ƙarƙashin itatuwa ko gindin dutse. Ka auna, ka koma wata rana ka sake, kuma na'urarka ta kasance a kan WGS84, tsarin lambobin da wasan ke amfani da shi.

Izinin mai wuri dole ne, haƙa rami kuma haramun ne a wasan. A shafin ka faɗi gaskiyar tazara, da inda ake ajiye mota, da inda babu sabis, kada ka rage taurarin da ke nuna wuyar hanya don jawo mutane.

Kafin ka miƙa wa mai tantancewa, ka ba wani da bai san komai a kai ba ya bi ta daga farko, kai kana baya bakinka a rufe. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, rubuta wurin, ka gyara tambayar.