Wai in ka kaɗe mutum da mota ka taka wuta kawai?

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, ka ce direbobin da kuke zama da su a tasha suna ce maka in tsautsayi ya sa ka kaɗe mutum kar ka tsaya, tunda in ka tsaya ƴan gari su ƙona motar ko su yi maka dukan kawo wuƙa, kuma dai ƙarshenta mutanenmu yafewa suke. Kana tambaya ko haka al'adarmu take. A'a, sun cakuɗa maka abu biyu ne.

Tsoron taron jama'a gaskiya ne, ba wanda zai ce ka tsaya a kashe ka. Amma abin da muka tashi muka tarar shi ne in ka ga wurin ya rincaɓe sai ka wuce kai tsaye ofishin ƴan sanda mafi kusa ko gidan dagaci ko mai unguwa ka ce ga ni, ni na buge mutum a wuri kaza, a je a taimaka masa. Wannan bai gudu ba, kai kansa ya yi. In kuwa ba hayaniya to ɗaukarsa za ka yi zuwa asibiti ko ka kira ƴan Road Safety a 122, kuma dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, don haka zancen wai sai an kawo takardar ƴan sanda bai zama maka hujja ba.

Ita kuma yafiyar da suke taƙama da ita ai tana da hanyarta. Manyanka ne ke zuwa, ni ko babanka da shugaban tasha, a zauna a tabarmar gaisuwa, a biya kuɗin magani in yana raye, in ya rasu a bi jana'iza a kai ɗan abin sadaka, direban kansa na zaune kai a sunkuye, sannan uban mamacin ya ce kwana ne ya ƙare mun yafe duniya da lahira. To wanda ya tsere wa za a ce wa an yafe? In aka kamo shi daga baya ta lambar mota ko wani ɗan acaɓa ya bi shi, wallahi da wuya ka ji wannan kalmar, don sai su ce da ya tsaya ƙila da ɗanmu bai zubar da jini a bakin kwalta har ya cika ba, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne.

A addini kisan kuskure ne, aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Akwai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma dangin wajen uba ne ke haɗawa cikin shekara 3, shi ya sa nake cewa abin ba naka kai kaɗai ba ne, da mu a ciki. Malamanmu tun a Risala suke karantar da cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta su ke lamunin abin da ta taka, a kan wannan ake kiyasin mota. Sai kaffara, azumin wata 2 a jere. Magada suna iya yafe diyya amma azumin nan ba nasu ba ne balle su yafe. Kuma in mamacin ya bar marayu ƙanana, ba daidai ba ne wani baffa ya yi wuf ya yafe rabonsu don kunyar idon jama'a, wannan ɗabi'ar tamu ni ba ta kwanta min ba ko kaɗan.

Sai hukuma. Rashin kai rahoton haɗari laifi ne mai zaman kansa ko da ba kai ke da ganganci ba, in kuma aka tabbatar tuƙin ganganci ne ya jawo mutuwa ana iya ɗaure mutum har shekara 7. Yafiyar iyali na sassauta lamari, sukan rubuta takarda su ce sun janye, amma ƙarar ta gwamnati ce ba tasu ba, mai gabatar da ƙara na iya cewa sai an je gaban alƙali, kuma alƙali ba ya kallon wanda ya kai kansa da wanda aka farauto da ido ɗaya.

Af, inshorar motar nan da kake ja ta gaske ce ko irin ta bakin titi? Tun 2023 ƙaramar inshorar da ke biyan wanda ka buge (third party) ta mota mai zaman kanta ta koma naira 15,000 a shekara, ta haya ta ɗara haka, kuma ita ce za ta ɗauki wani nauyin in abu ya faru, jabu kuwa ƙarin laifi ce. Ka tambayi maigidan naka ya nuna maka takardar ka ɗauko hotonta ka turo min. Ka gaida mahaifiyarka.