Cinikin mako-mako zai iya nuna inda tattalin arziki ya dosa?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Sabon Garin Zariya. Na ji an ce a Amurka ana bin cinikin shaguna duk mako don gane halin da tattalin arziki yake ciki. Shin littafin cinikina zai iya yi mini wannan aiki?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. A Amurka akwai ma'aunin da ake kira Redbook, wanda ake fitarwa duk Talata. Ana gwada cinikin manyan shaguna na wannan mako da na irin makon a bara, kuma shagunan da suke buɗe tun bara kaɗai ake lissafawa, don kada sabon reshe ya kumbura adadin. Masu zuba jari na ɗokinsa ne saboda kuɗin da jama'a ke kashewa ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tattalin arzikin ƙasar, alhali alƙaluman gwamnati sai wata-wata suke fitowa.

Littafinka zai yi maka aikin, amma kada ka ƙirga naira kaɗai. Nan ne nake ganin 'yan kasuwarmu na ruɗuwa, abin kuma yana damuna. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 kacal a shekarar, ko da ya ga kuɗi sun cika masa akwati, baya ya ci. Don haka rubuta kayan da suka fita: tiya nawa ta shinkafa, kwali nawa na taliya, galan nawa na mai. Lura da magidancin da a da yake awon tiya guda, yanzu rabi yake cewa a ƙulla masa, ko yaron da ake aikowa sayen madarar gwangwani ya koma sayen ta leda. Duba littafin bashi ma. In ya fara kauri tun tsakiyar wata, albashi ba ya kai mutane.

Sai kuma lokaci. Makon albashi daban yake, haka kaka da damina. Azumi da Sallah kan matso da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka jajibirin Sallar bana za ka gwada da na bara.

Shago ɗaya kuwa labarin unguwarsa kawai yake bayarwa. Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, rashin ɗaliban ABU ne ya kwantar da kasuwa a Samaru. Ka nemi maƙwabta kamar goma a layinku, da wani abokin sana'a a Tudun Wada, kowa ya riƙa kawo adadin kayan da ya sayar duk Asabar, ku haɗa wuri guda.